Ramuka Biyu a Sandar Tuta

Litinin, 4 ga Nuwamba, 1935
Ubana ko guduma bai bar mini ba. Aji biyu na yi a sakandare, na koyi ƙira, na buɗe maƙerata, yau mutum tara ke ci a ƙarƙashina. Shekara huɗu ina yaƙi cikin taɓon Faransa. Na dawo na kafa reshen ƙungiyar tsoffin sojoji na garin nan. Ba wanda ya ɗaga ni.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
An rushe ƙungiyar, umarni daga Berlin. Mu da muka yi ta maci muna share wa masu mulkin yanzu hanya! Tutarmu za ta gidan tarihi.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Malam Tiedke, sakatarenmu, ya kawo littafin tarihin reshen da zai raka tutar. Shafi talatin, babu ni. Na ce, "Malam, kana ina muna cin harsashi?" Ya ce, "Maƙeri, tarihi ma ƙarfe ne, zamani ke lanƙwasa shi. Ka cika yabon tsohon sarki." Ɗan banza.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Matata Alwine: "Maigida, ci dankalinka, suna ba ya cika ciki." Ban ci ba.

Talata, 12 ga Nuwamba
Na je duba sandar tutar. Ranar kafawa mu huɗu muka buga mata ƙusoshin azurfa, kowa da sunansa. Ni na ƙera su. Sun cire tawa, har da tsaga itacen, aikin ragwaye! Kusa da ramina akwai wani tsohon rami, na Siegmund Rosenau mai shagon yadi. Ƙusarsa ni na cire, ranar da aka ce ban da Yahudawa a ƙungiyar. Tsaf, ko ƙwarzane babu. Har yaba mini aka yi.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Hanya ce ta bi da ni ta ƙofar shagon Rosenau. Yana jan ƙafar nan da aka harba a yaƙi. "Ewald, an ce kai ma an yi maka askin." Dariya ma yake. Na ɗaga masa hula. Mutane na kallo.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Na rubuta wa Tiedke, kuma ba roƙo ba ne. Na jera masa sunaye huɗu, har da na mai yadi. Don jerin ya cika ne kawai, ba wani abu ba. Alwine ta ce zan jawo mana. A rubuta a shafin farko: Ewald Prietzel, maƙeri. Da manyan baƙaƙe.