Buhunan Waken Malam

Karaye, Janairu

Zuwa ga Yaya Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Bahijja da yara. Ya sanyin Jos? Mu nan sai godiya.

Yaya, akwai maganar da ta tsaya min a rai. Malam, maigidana, ya sayar da gonar gadonsa ta Yammedi, ya zuba kuɗin kaf a wake. Bara abokinsa Maikuɗi ya yi ajiya ya ci riba, shi ne shi ma idonsa ya rufe. Ya kama shago a Rogo ya jibge buhunan, irin masu leda biyu a ciki, waɗanda ake ɗaurewa tam don ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a kwance sai ranar sayarwa.

To farashi maimakon ya hau, sai gangarowa yake. Mutumin da ka sani da tsokana, yanzu loma biyu yake yi ya tsame hannu. Duk wanda ya dawo daga kasuwa sai ya tare shi ya ji nawa kwano. Sallah ma kullum sai da ƙabli ko ba'adi. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Sadiƙa

Karaye, Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Ya gida, ya aiki? Na ga saƙon atamfa, Allah ya ƙara buɗi.

Abin ya ci tura. A da, ranar kasuwa kaɗai Malam ke zuwa Rogo, yanzu kusan kullum ne. Ashe kwance buhunan yake yi. Wai zuciyarsa ce ke raya masa ƙwari sun shiga, kuma ba ta kwanciya sai ya tura hannu ya taɓa waken. Ya ɗaure, ya hau babur, kafin ya iso gida ta sake raya masa bai ɗaure da kyau ba, gobe ya koma. Na tuna masa cewa buɗewar ce ke ba ƙwarin iska. Wallahi ya fi ni sani, Yaya, shi ya koya min ma. Sai idonsa ya kawo ruwa.

An gwada shi an ce jininsa ya hau. Na ɓoye makullin shagon, ya yini yana zagaye tsakar gida yana dafe ƙirji, har tsoro ya kama ni na miƙa masa abinsa. Wani lokacin haushinsa nake ji kamar in yi ihu, sai kuma tausayi ya kashe ni.

Taka,
Sadiƙa

Karaye, Yuni

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi muku barka da ruwa.

Mai afkuwa ta afku. Mai saye ya zo daga Kano, aka farke buhu, sai gari da ƙwari. Buhunan da ke can ƙasa, waɗanda hannunsa bai kai gare su ba, su kaɗai suka tsira, ga su 'yan kaɗan. Sauran waken kuwa, masu kiwo suka kwashe a wulaƙance. Abin da aka samu, hayar shago da magani sun cinye.

Yanzu ba ya tambayar kowa farashi. Shirunsa ya fi ba ni tsoro.

Ruwa ya zauna, kowa ya shiga noma. Shekaranjiya ya saɓi fartanya ya bi masu ƙwadago, abin da bai taɓa yi ba. Da yamma ya dawo ya ajiye min ɗan abin cefane. Maƙwabciyarmu Tani ce ta gaya min inda aka kai su aiki. Yammedi ne, Yaya, gonar mahaifinsa. Yau ma da sassafe can ya koma.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Sadiƙa