Furen da Ya Cinye Waƙar Babanki

Zuwa ga Wietske, sanyin idona, hasken da ke keta hazon Groningen, inuwar da raina yake hutawa.

Da wace fuska zan gaishe ki? Kunya ta hana ni bin layinku, sai dai in zagaya da kekena ta bayan coci kamar wanda ake bi bashin rai.

Kin tuna Asabar ɗin nan a ɗakinki? Ruwa na dukan taga, kin zuba mana kofi, ni kuwa sai hura hanci nake wai na rubuta miki manhaja mai zana fure. Kafin ki sa kaset ɗin da manhajar take ciki a kwamfutarki, kika tambaye ni ko na bi ta tsarin da ke tafiyar da na'urar, wato ko na roƙe shi ya ba ni wuri a ƙwaƙwalwarta yadda kowa yake yi. Na ce na bi. Ƙarya na shara miki, masoyiyata. Gani na yi hanyar tana da nawa, ni kuma so nake furen ya buɗe farat ɗaya ki yi mamakina, sai na zuba lambobina kai tsaye inda na saba a tsohuwar na'urata. Ashe a taki sabuwa, nan tsarin yake riƙe abin da zai rubuta a faifai. Ganye biyu furen ya fitar, allo ya daskare, faifanki ya yi ƙara, waƙar da kika kwashe hunturu kina haɗa wa babanki don bikin ritayarsa, wadda ke cikin faifan, ta tafi.

Ba ki yi faɗa ba. "Sjoerd, abu ɗaya fa na tambaye ka," kika ce, kika miƙo min rigar ruwana. Da marina kika yi da ya fi min sauƙi!

Ya tauraruwata, bikin bai zo ba tukuna. Ki bar ni in zauna gefenki, ki riƙa rerawa ina shigar da sautin a na'urar, bakina a rufe. In ba ki son ganina, ki rera a kaset ki bar min a bakin ƙofa.

Na sake rubuta furen. Yanzu kowane ɗigo na zanen sai ya nemi izinin tsarin, furen yana buɗewa a hankali har mutum ya ƙosa. Akwai tambayar da ya kamata ta fito bayan ganyen ƙarshe, wadda ba ki kai ga gani ba. Na goge ta. Ba na'ura ce za ta nemi aurenki ba, da bakina zan nema, ranar da kika iya yarda da amsar da ta fito daga cikinsa.

Naki har numfashina ya ƙare,
Sjoerd