Shekara Biyu Ɗana Yana Amsa Sunan Mawaƙin Koriya

Assalamu alaikum Anti Ummu Salma. Don Allah ki taimake ni, ki karanta wannan wasiƙa har ƙarshe ko da ta yi tsawo, domin ba ni da wanda zan faɗa wa. Mahaifiyata za ta rufe ni da faɗa tun ban kai tsakiya ba, ƙawayena kuwa dariya za su yi.

Ranar wata Talata ce, yau sati uku ke nan, muka kai ɗanmu wani ƙaramin asibiti da ke kusa da ƙauyenmu saboda zazzaɓi. Maigidana ne ya kai mu a babur. Wadda ta duba yaron wata budurwa ce mai fara'a daga cikin birni, na ji ana kiranta Humaira. Yaron yana ta zillewa, sai na kira shi da sunan da muke kiransa a gida don ya tsaya. Tana jin sunan ta ajiye abin awon zafi, ta dube ni, ta fashe da dariya, wai ashe ni ma 'yar gida ce, ashe har ƙauye an san su. Ina ta yi mata alama da ido, ba ta lura ba. Ta zaro wayarta ta nuna wa maigidana hoto, wai ga takwaran ɗansa nan, kuma wai a cikin su shidan ita ma shi ne nata, sai dai na riga ta. Wallahi ba da mugunta ta yi ba. Maigidana ya daɗe yana kallon hoton, saurayi ne mai rinannen gashi launin toka da ɗankunne a kunne ɗaya. Ya miƙa mata wayarta, ya yi mata godiya. Muka hau babur muka dawo gida.

Bari na koma baya don ki fahimta. Shekarata ashirin da biyu, shekara uku da rabi da aure, kuma ni na zaɓi mijina da kaina. Manomi ne, gyaɗa da gero da dawa, da rani kuma yakan tafi Kudu cirani. Ni kuwa tun ina sakandare ba ni da abin so kamar littattafan soyayya, na takarda da na waya, har kunun safe ya sha ƙonewa a hannuna saboda su. Ranin farko bayan aurenmu ya yi wata biyar ba ya nan. Daga ni sai Inna, wato mahaifiyarsa, sai cikin fari da ke wahalar da ni. A lokacin ne Luba, 'yar goggona da ke karatu a Kano, ta zo duba ni ta cika min waya da bidiyon wasu samari mawaƙa na ƙasar Koriya.

Anti, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Su shida suna rawa kamar da zare ɗaya ake jan su. Na fara da waƙar, na koma kallon hirarrakinsu, na ga suna rusuna wa manya, suna cire takalmi a bakin ƙofa, ba sa kiran sunan na gaba da su gatsal, kamar dai mu. Na sayi littafin rubutu na koyi haruffansu ni kaɗai, yanzu ina iya haɗa su na karanta ko da ban san ma'ana ba. Luba ta saka ni a wani zauren WhatsApp na mata zalla, mun fi ɗari biyu, daga Kano da Zariya da Jos, kowacce da wanda ta zaɓa a cikin su shidan. Nawa shi ne mai sanyin murya, wanda ba ya yawan magana. Idan zafin rana ya yi tsanani na kwanta a tabarma ƙafafuna a kumbure, muryarsa nake sawa, sai na ji kamar ina tafiya a wani titi mai dusar ƙanƙara inda ba wanda ya san ni.

Da na haihu aka sa wa yaron sunan mahaifin maigidana, wanda ya rasu shekara ɗaya kafin aurenmu. Kin san yadda abin yake. Inna ba za ta faɗi sunan mijinta ba, maigidana ba zai faɗi na mahaifinsa ba, ni kuwa ga kunyar suruki ga ta ɗan fari. Dole a nemi sunan da za a riƙa kiransa da shi. Abba kuma an riga an ba ɗan Yaya Dabo, wan maigidana, da muke gida ɗaya. Ana cikin shawara sai Inna ta ce tunda ni mai karance-karance ce, ni zan zaɓa, kada na ji kunyarta. Ban shirya ba, Allah ya sani. Sunan ne kawai ya fito daga bakina. Ba zan rubuta shi a nan ba, don duk wanda ya gani a yankinmu zai gane ni. Inna ta tambayi ma'anarsa, na ce a littafi na gani, na Larabawa ne, yana nufin mai hasken fuska. Nan na yi ƙaryar.

Kwana uku Inna tana gwada shi kafin harshenta ya kama. Yanzu har waƙa ta yi masa da shi, tana rerawa idan ta ɗora shi a gwiwa. Duk unguwa da shi aka san yaron. A watan jiya wata maƙwabciyarmu ta aiko tana tambaya ko za ta ara wa jaririnta, don ya yi mata daɗi.

Washegarin zuwanmu asibiti, bayan ya karya, maigidana ya ce na ba shi wayata. Na ba shi. Ya ga zauren, ya ga cewa a can ana kirana Maman wane. Ya ga hoton da 'yan zauren suka haɗa ranar zagayowar haihuwar mawaƙin, fuskar ɗanmu kusa da tasa, da furanni kewaye. Ya kuma ga inda na taɓa rubuta cewa muryar mutumin nan ce ta riƙe ni a ranin da nake da ciki. Bai doke ni ba, bai zage ni ba, bai ma riƙe wayar ba. Cewa ya yi shekara biyu ke nan yana tsayawa a tsakar gidan ubansa yana kiran sunan wani namiji da bakinsa, yana murna, ni kuma ina kallonsa na san komai. Ya ce shi ya ɗauka sunan mahaifinsa muke sakayawa don girmamawa, ashe rufe shi na yi da na ɗan rawa. Ya ce ba zai gaya wa Inna ba, ni na ƙulla, ni zan kwance.

Tun ranar bai sake kiran yaron ba. Wannan ne yake kashe ni, Anti. Da, tun daga zaure yake ƙwala masa kira in ya dawo daga gona, yaron ya sheƙa da gudu ko wando babu. Yanzu shiru yake shigowa. Yaron ya je ya riƙe masa ƙafa, ya shafa kansa kawai ya wuce. Shekaranjiya na ga yaron ya tsaya a gabansa yana buga ƙirjinsa da ɗan hannunsa yana faɗin sunan nasa, kamar yana tuna masa. Maigidana ya ajiye kwanon tuwon ya fita. Duk sanda Inna ta fara waƙar nan tata, haka yake tashi ya bar gidan. Ita kuwa ta ɗauka gyaɗar bana ce da ba ta yi kyau ba take damunsa, har tana ba ni haƙuri, tana cewa haka mahaifinsa yake in amfani ya yi ƙaranci. Ga ta da hawan jini. Matar da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, ta yi min wankan jego da hannunta, da wane baki zan ce mata ƙarya na yi mata?

Na goge bidiyoyin, na fita daga zauren. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina daka waƙoƙin suna zuwar min, kuma ban tsani sunan ba. In na faɗe shi yanzu fuskar ɗana nake gani, ba ta kowa ba. Na gwada kiransa da Magaji a ɗaki, ko waiwayowa bai yi ba. Shin cin amana na yi? Ni ban taɓa ganin mutumin nan ba, bai san akwai ni a duniya ba.

Ga abin da na yanke. Da zarar an gama cirar gyaɗa zan ce goggona ba ta da lafiya, na tafi da yaron wurinta a Dawakin Tofa, na zauna wata biyu ko uku har ya manta da sunan ya saba da wani. Na riga na haɗa kayansa.

'Yarki mai nadama, daga ƙasar Makoɗa.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Kafin komai, ki kwance kayan nan ki mayar da su inda suke. Tafiyar da kike shiri ƙarya ce ta biyu da za ki ɗora a kan ta farko, kuma da lafiyar goggonki za ki yi ta. Mace ta bar gida wata uku alhali kowa ya ga mijinta ya canza fuska, mutane yaji za su kira shi, kuma dalilin da za su ƙirƙira zai fi na gaskiya muni. Sannan ko yaron ya manta, Inna ba za ta manta ba. Ranar da kuka dawo, da tsohon sunan za ta tarbe shi tun daga zaure.

Kin tambaya ko cin amana kika yi. A'a, ba irin wadda kike tsoro ba. Yarinya mai cikin fari, miji ya yi nisa, ta sami abin da ke ɗebe mata kewa, wannan ban ga abin mamaki a ciki ba. Hukuncin kiɗa da kallon maza kuwa ki kai wa malamarku ta Islamiyya, ta fi ni sani. Laifinki da na gani ƙarara shi ne an ba ki amanar sunan mamaci, kika yi wasa da ita, aka tambaye ki kika yi ƙarya, kika kuma bar ta shekara biyu.

Ki tsaya a inda mijinki yake ki duba. Ba kishin hoto ne ya fi cin sa ba. Ji yake an mayar da shi abin dariya a gidansa, mata ɗari biyu sun san abin da bai sani ba game da ɗansa. Kuma ya karanta cewa a ranin da yake can yana fama dominku, wani kike gode wa. Duk da haka bai tona ki ba, ya bar miki damar gyarawa da kanki. Wannan ba halin mai shirin rabuwa ba ne. Shi ma yana da nasa kuskuren, domin yaro ɗan shekara biyu bai yi wa kowa ƙarya ba, kuma shi ake hukuntawa.

Ki same shi lokacin da ya huta. Ki ba shi haƙuri ba tare da kare kanki ba, kada ki kawo zancen cewa mawaƙin bai san ki ba, ya riga ya sani. Ki gaya masa abin da ranin nan ya yi miki, don ina zaton ba ki taɓa faɗa masa ba. Ki tuna masa cewa sunan yanka yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Sai ki roƙe shi ya zaɓi sabon sunan da kansa, kuma ya fara kiran ɗansa da shi a ranar, don yaro ya fi saurin amsa muryar da yake ɗoki. Ku riƙa haɗa sabon da tsohon na ɗan lokaci, sannan ku saki tsohon. Yara masu irin shekarunsa ba sa daɗewa suke sabawa.

Inna kuma ki gaya mata da bakinki, da safe bayan ta sha maganinta, mijinki yana kusa. Gajeriyar magana ta isa: sunan ba na Larabawa ba ne, na wani mawaƙi ne na ƙasar waje, kin ji kunya kika ɓoye, kina neman gafara. Ba sai an nuna mata hoto ba. Za ta ji ciwo, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake miki fuska ba. Ki jure. Gara ta ji daga gare ki da ta ji a gidan suna. Maƙwabciyar nan ma ki aika mata ta nemi wani, kada abin ya yaɗu.

Abu na ƙarshe. Wadda ta koya wa kanta haruffan wata ƙasa a kan tabarma tana da ƙwaƙwalwar da bai kamata ta ƙare a zaɓen gwani cikin samari shida ba. Sha'awar sanin yadda wasu al'ummu ke rayuwa ba aibi ba ce. In ƙura ta lafa, ki yi wa mijinki maganar komawa karatu, kuma duk abin da za ki riƙa kallo nan gaba ya zama wanda za ki iya kallo yana zaune kusa da ke.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Inna lafiya, ya raya muku yaron nan ya gaji halin kakansa mai sunan.

Anti Ummu Salma