Zinaren Fiddausi da Abin da Ya Biyo Baya

Ain Khaled,
Doha, Ƙatar.

Zuwa ga Yayata Atine,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara gaba ɗaya. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya raba mu da zaman asibiti. Mu nan lafiya lau, sai zafin Doha da ya fara sauka. Abbansu yana ta fama da aikinsa na kamfanin gas, ni kuma ina nan ɗakin magani. Suraj ne zai kawo miki wannan, tare da dabino da turaren wutan da kika ce.

Yaya, kin ga hoton Fiddausi da lambar zinare a wuya, kin aiko kina tambaya ko yanzu 'yarki ta zama 'yar kokawa. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon waya. Kin tuna hutun da muka zo, ranar da wani ya fizge mata waya a bakin kasuwa, ya riƙe mata hannu, ta sandare ko ihu ta kasa? Bayan mun dawo ko shagon ƙasan gidanmu ba ta yarda ta je ita kaɗai. Shi ya sa muka sa ta a ajin mata zalla a Al Rayyan, inda wata 'yar Brazil, Malama Luciana, take koyar da kokawarsu da ake kira jujitsu. Babu naushi a ciki, sai kayarwa da murɗe hannu da shaƙewa har mutum ya sallama. Da farko yadda za ta ƙwaci kanta ake koya mata. Da aka ga tana da ƙarfi sai aka mayar da ita cikin masu shiga gasa, mu kuma muna ta murna.

Ranar gasar muka tafi da Abbansu, ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. A wasan ƙarshe aka haɗa ta da wata 'yar Masar. Ana farawa Fiddausi ta zauna daɓas a ƙasa, ta jawo yarinyar, ta juye ta, aka ba ta maki biyu. Daga nan fa shi ke nan. Ta ƙanƙame rigar yarinyar, ta kifa kai a cikinta, ta ƙi motsi. 'Yan kallo suna ta ihun yalla, yalla, wato maza-maza da Larabci, alƙalin wasa ya yi mata gargaɗi, ta ɗan gyara ƙafa don a ce ta motsa, ta sake lafewa. Abbansu ya raɗa mini ko an tafi hutun rabin lokaci ne, don yana so ya je ya sayo shayi. Haka lokaci ya ƙare aka ɗaga hannunta. Wannan ne zinaren da kika gani.

Kwana kaɗan bayan haka tana kicin tana soya ƙwai, Abbansu ya lallaɓo ta baya don tsokana, ya cafke mata hannu yana cewa ta kawo wayar. Wallahi Yaya, sai yarinyar nan ta sulale ta zauna a kan tayil, ta kama ƙafar wandonsa, ta ɗago kai tana jiran ya faɗo mata. Shi kuwa ya tsaya a kanta da wayar a hannu yana tambaya ko ya ci maki. Na yi dariya har da hawaye, ƙwan ma ya ƙone. Ita ma ta yi dariyar, amma da yamma na same ta a ɗaki ta yi tagumi. Ta ce mini da a titi ne, da zama ta yi a ƙasa gaban ɓarawo, wanda wataƙila yana da wuƙa, abokinsa kuma na jira a kan babur. Ta ce ga shi za ta koma Zariya karatu, abin da ta ƙware a kai shi ne riƙe mutum tana kallon agogo. Gaskiya ta faɗa, don ba don lamba muka kai ta wurin ba.

Ita da kanta ta je ta faɗa wa malamarsu, ni ina gefe ina tsoron matar za ta ji haushi. Sai ta ce ita ma abin ya daɗe yana damunta. Ta ce dokar gasa takan saka wa wanda ya riga cin maki ya kwanta a kai, iyaye kuma lamba suke son gani, har ta manta rabon da ta koya wa wata yadda ake tashi tsaye idan an kayar da ita. Nan take ta ce khalas, wato shi ke nan, ranar Asabar kowa ta zo da abayarta da takalminta da jakarta, yadda take fita unguwa. Yanzu a ajin nan suna koyon ɓamɓare hannu, da kare fuska, da miƙewa da sauri, da buɗe murya a yi ihu, da gudu. Har ni an ja ni ciki, kuma ihu dai kam na fi kowa.

A gasar da ta biyo baya Fiddausi ta sake shiga gaba da maki. Ina ganin ta samu wurin lafewa na ce to, ga shi nan kuma. Sai ta saki rigar, ta kai hari tana neman murɗe hannu. Aka juye ta, ta kufce, ta miƙe, aka sake kai ta ƙasa, ɗakin ya ɗauki sowa. Ta sha kaye a ƙarshe, ko tagulla ba mu samu ba. Amma ta fito tana haki tana dariya, Abbansu kuwa muryarsa ta dishe don kirari, har ya yi wurgi da hularsa, sai wani Balarabe ne ya tsinto masa ita.

To ga roƙona, Yaya. Na san ba ki cika son wannan harka ga 'ya mace ba, amma idan ta iso gidanki a Zariya ki bar mata ɗakin baya da katifa biyu. Tana so ta koya wa 'ya'yanki Ikilima da Nasiratu abin da ta koya, tunda su ma kullum suna kan hanyar makaranta. Ta kuma ce in gaya miki ke ce ɗaliba ta farko, gwiwa ba hujja ba ce, akwai dabarar da ake yi daga kan kujera. Ki tanadi zani mai ƙwari.

Ki gaishe mini da Malam da kyau, da Inna Suwaiba, da Baballe da amaryarsa, da Awawu. Abbansu yana gaishe ku, Fiddausi kuma ta ce a ajiye mata daddawa. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Safiyyatu