Firji Ya Toshe Ƙofar Kicin

Maigida,

Na tarar gajiyar hanya ta kayar da kai, ban tashe ka ba. Na wuce aiki.

Abin da za ka gani a ƙofar kicin sabon firjinmu ne. Jiya 'yan dako suka kawo shi, ina daga ciki ina ce musu su turo. Ashe kabad ɗin da ka zana wa kafinta da alli ya cinye rabin mashiga. Firji ya cije, ba gaba ba baya, ni kuma ina ciki kamar ɓera a tarko, ga waya a falo. Na buga bango har hannuna ya kumbura. Sai da maƙwabciya ta aro tsani na fita ta taga, yaran layi na tafi.

Yau kafinta zai zo kafa kabad ɗin sama, wanda ka ce ya rufe tagar nan tunda ba ta da amfani. Don Allah kada ka bari ya buga ƙusa ko ɗaya. Ita kaɗai ce ƙofar da ta rage mana.

Butar shayi na ciki. Tsanin na jingine a waje.

Uwargidanka