Abin da Na Binne a Filin da Na Sayar wa Bala

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku da kyau. Don girman Allah ku ɓoye sunana, kuma kafin ku tsine mini ku bari in kai ƙarshe, domin duk sunan da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina da shi. Rubutun nawa na yaƙi da jahilci ne, sai ku yi haƙuri da shi.

Ni ɗan kasuwar fatu da ƙiraga ne a nan Agege, na haura shekara ashirin a Ikko. Wanda bai san sana'armu ba bari in gaya masa. Fata idan an feɗe ta a kwata an kankare, ba a shanya ta haka nan, ƙwaro zai cinye ta kafin ta kai bakin jirgin ruwa. Akwai wani farin gari da muke saya a ganga, mu dai magani muke ce masa, a dama shi da ruwa a kwarmin siminti, a tsoma fata a rataye. Guba ce, ba wanda bai sani ba, jikin gangar ma hoton ƙoƙon kan mutum ne. Akuyata ta taɓa lasar ruwan da hantsi, ba ta kai la'asar ba. Ruwan da ya gama aiki kuwa a rami muke zubarwa bayan rumfa, haka na tarar da manya suna yi, haka ni ma na yi shekara goma sha ɗaya a filina. Ranar da na tashi da rumfar na koma kusa da kwata, akwai ganguna biyu da suka yi tsatsa, garin ya daskare a ciki, na rasa inda zan kai su, sai na sa aka tura su cikin ramin, aka cika da baraguzai aka daddaɓe. Wallahi a lokacin ko a jikina.

Da kuɗin mai ya shigo ƙasa kowa ya tashi neman fili, sai wani ɗan garinmu, mahauci, ya ce yana son nawa. Zan kira shi Bala, ba shi ne sunansa ba. Bala maraya ne, a ɗakin mahaifiyata ya yi wayo, ni na ɗauko shi daga gida na kawo shi Ikko, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Da matarsa Hajara ta haifi mace sunan mahaifiyata ya sa mata, muna kiranta Ummi, ni kuwa uwata nake ce mata. Irin mutumin da na cuta ke nan, don ku sani tun yanzu.

Da mu kaɗai ne, da shaidu biyu da goro sun ishe mu. Amma Yarabawan da suka sayar mini da filin tun farko suka ce zamani ya sake, sai an yi yarjejeniya a ofishin lauya. Muka je. Takardar da Turanci take, akawun lauyan, wani Bayarabe da ya tashi a cikinmu yana jin Hausa kamar jakin Kano, shi yake karantawa yana fassara mana. Har ya iso wani wuri ya ce: mai sayarwa ya tabbatar babu wani abu mai haɗari a binne ko a ajiye a filin, kuma abu mai haɗari a wannan takarda yana nufin fetur, kananzir, baƙin mai, gas da albarushi. Na ce, “Malam akawu, iyakarsu ke nan?” Ya ce, “Oga, iyakarsu ke nan. Abin da aka lissafa shi ne doka, abin da ba a lissafa ba babu ruwan takarda da shi. Kana da tankin fetur a ƙasa?” Na ce a'a. “Albarushi fa?” Na ce a'a. Ya yi dariya ya ce, “To ko si wahala, ba damuwa, kawo yatsa.” Ashe takarda ce da suka saba yi wa masu gareji da gidajen mai, ba wanda ya yi tunanin ɗan fata. Ni kuwa na ji wani sanyi a raina, na ce ai ban yi ƙarya ba, abin da aka tambaye ni na amsa.

Da a nan abin ya tsaya, da ina da ɗan abin kare kaina. Amma kafin Bala ya dangwala yatsa sai ya juyo ya dube ni, ya ce da Hausa tsantsa, “Yaya, ni ban san Turancinsu ba. Ƙasar nan lafiya take ko?” Jama'a, kun san me na ce? Na ce, “Ai ka ji takarda.” Ya ce, “Shi ke nan, tunda kai ka faɗa.” Ya dangwala. Me ya hana ni buɗe baki? Me zai ci ni in na ce Bala, a kusurwar gabas akwai rami, kada ka taɓa wurin? Gaskiya ita ce kafin shi wani ya taya filin, da ya ji an yi aikin fata a wurin sai ya janye, ni kuma na riga na ci burin zuwa Makka a shekarar. Na ce wa kaina abu ya shekara biyar a ƙasa, ai ya mutu. Na je Makkan kuwa, har yau Alhaji ake ce mini, kunyar sunan nake ji.

Bala ya gina ɗakuna huɗu ya tare. Kun san famfon unguwarmu, ya zo yau ya ɗauke mako guda. Ina can wajen sayen fata a Arewa wata biyu, na dawo aka ce mini Bala ya haƙa rijiya a gidansa, sadaka ga iyayensa da mahaifiyata, ya bar ƙofa a buɗe kowa ya ɗiba. Na tafi da sauri ko gida ban shiga ba. Na ƙirga da ƙafata ina yi kamar ina duba gini: taku bakwai tsakanin bakin rijiyar da ramina. Bala yana ta murna, ya zura guga da kansa, ya cika kofi ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, “Yaya, sha ka sa albarka, ruwan ƙasarka ne.” Ruwa garau, ba wari ba launi. Na ce ina azumi. Ran Talata ce fa! Ya ce, “Kai, Yaya, Allah ya ba mu irin himmarka.” Ummi tana riƙe da rigata, ya miƙa mata kofin ta shanye a gabana, ina kallo. Na yi ƙarya da ibada don in tsira da cikina, na bar 'yar shekara huɗu ta sha.

Tun daga nan nake 'yan dabaru irin na matsorata. Na ce wa Bala ruwan rijiyar Ikko sai wanki, ya ce ai nasa ya fi na famfo daɗi. Na yi magana da mai ruwa ya riƙa kai musu garwa huɗu kullum daga famfon bakin titi, Bala ya zo har rumfata ransa a ɓace, ya ce, “Yaya, mai rijiya a gida ake saya wa ruwa? So kake a ce sadakata ba ta shawuwa?” Ya sallami mutumin. Na ce a raina wataƙila Allah ya rufa asiri, wataƙila gubar ba ta ratsa ba. Shekara ta zagayo, kajinsu suka fara mutuwa, aka ce annoba ce. Sai Hajara ta fara ciwon ciki, tafin hannunta ya yi kanta da wasu ƙuraje masu tauri, jikinta ya yi dabbare-dabbaren baƙi. Na san hannun nan. Irinsa ne hannun tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu suna tsoma fata. Ummi kuwa amai da gudawa, ta warke ta koma, ta rame har wuyanta ba ya ɗaukar kanta. An kai ta asibiti, an yi rubutu, an yi turare, wasu suka ce iska ce, wasu suka fara nuna wata tsohuwa mai sayar da barkono a maƙwabta wai mayya ce, baiwar Allah har ta daina bin layin. Ni da na san mayen ina zaune a cikinsu ina cewa Allah ya sawwaƙe.

Wata uku ke nan da Ummi ta rasu. Da ruwan rijiyar aka yi mata wanka. Bala ya kasa ɗaukarta, ya ce, “Yaya, uwarka ce, kai za ka kai ta.” Ni na rungume ta a tabarma har maƙabarta, ba ta da nauyi ko kaɗan, ni na sa ta a kabari da hannuwan nan. Mutane suna ta cewa dubi yadda Alhaji yake kuka, Allah sarki, zumunci. Ban san ko ruwan ne ya kashe ta ba, ni ba likita ba ne, rai kuma na Allah ne. Amma zuciyata ba ta karɓi wannan hanzarin ba ko sau ɗaya.

Bayan sadakar bakwai na koma wajen akawun nan, na ce masa wani abokina ne abin ya samu. Ya ɗauko irin takardar ya bi ta da yatsa ya ce, “Ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa. Maganin fata ba ya cikin lissafi, takarda ta wanke shi. Amma ya kama bakinsa, in ya yi magana shi ya ɗaure kansa.” Na fito ina jin kamar in kurma ihu a titi. Takarda ta wanke ni! Wace takarda zan nuna ranar da Ummi za ta tsaya ta tambaye ni? Mala'iku da Turanci za su yi mini fassara?

Ba ɗauri nake tsoro ba, wallahi, ba kuma wuƙar Bala ba, da zai yanka ni da na huta. Abin da na kasa shi ne in tsaya a gabansa in ce: ranar da ka tambaye ni na sani, ranar da ka miƙo mini kofi na sani, ranar da na ɗauki gawar 'yarka na sani. Sau uku ina zuwa ƙofar gidansa da maganar a bakina, ya fito ya ce Yaya sannu da zuwa, ya shimfiɗa mini buzu, sai in ji kaina ina tambayarsa farashin shanu. Kuma a Zango, unguwarmu ta Hausawa, amana ita ce jarin mutum, ranar da maganar nan ta fita ni da 'ya'yana mun gama zama a Agege. Na yi tunanin in sa a cike rijiyar ba tare da na faɗi dalili ba, to da wane baki? Rijiyarsa ce, sadakarsa ce, gidaje sun fi goma suna sha.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne Hajara tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. An riga an tara itace an kafa tukunyar wankan jego a gindin rijiyar. Kwana arba'in za ta yi tana wanka da ruwan nan safe da yamma, da shi za a dama mata kunun kanwa, da shi za a yi wa jinjiri wanka a ɗiga masa a baki. Jiya Bala ya same ni a rumfa yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun rasuwar Ummi, ya riƙe hannuna ya ce, “Yaya, in Allah ya ba mu namiji sunanka zan sa masa, don ya ɗauko halinka.”

Ban iya ce masa amin ba. Ku zage ni, na cancanta, amma ku haɗa da shawara, kuma Edita don Allah kada wasiƙar nan ta kwana a teburinka. Jama'a, me zan yi?