Gurbin Suna Ɗaya Ya Tona Asirin Inna Jummai

Hajiya Mas'uda, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake.

Ni ke kula da shafin intanet na wata ƙungiyar manoma a Birnin Kudu da Gwaram. Fom biyu gare mu, na neman iri da na kai ƙorafi a asirce. Don rage wahala, gurbin rubuta suna guda ɗaya na yi, na saka shi a duka biyun. Abokin aikina Yahuza, wanda ni na koya wa aikin har na ba shi lambar sirrina, ya tashi fitar da sunayen waɗanda suka samu iri, sai ya buɗe gurbin kowa ya gani. Ashe har na ƙorafin ya buɗu.

Sunan Inna Jummai ta ƙauyen Surko ya fito, ita da ta ce mai rabon irin unguwarsu danginsa yake fifitawa. Ni na cike mata fom ɗin ranar kasuwa, na rantse mata ba mai gani. Yanzu mutumin ko gaisuwar mijinta ba ya amsawa.

A taro aka duba wanda ya buɗe gurbin, sunana kwamfuta ta nuna, tunda da lambata aka shiga. Yahuza na zaune, ya sunkuyar da kai, uffan bai ce ba. Wallahi shirun nan ya fi komai yi mini ciwo. In tona shi?

Mai Ɗacin Rai, Birnin Kudu

'Yata, sannu. Shirun Yahuza cin amana ne, ba zan yi masa kwaskwarima ba. Amma da wuya ya san gurbin a haɗe yake. Ke kika haɗa, ke kuma kika ba da lambar sirrinki. Rijiya ɗaya kika haƙa wa gida biyu.

Yau ɗin nan ki rufe gurbin, ki yi wa fom ɗin ƙorafi nasa daban, kowa kuma ya riƙa shiga da lambarsa. Ki ba Yahuza kwana biyu ya faɗa wa shugabanku gaskiya da bakinsa. In ya ƙi, ki faɗa, ki haɗa da naki kuskuren, ki nemi ƙungiya ta tsaya wa matar nan.

Amma kafin duk wata shari'a, ki hau babur ki tafi Surko. Inna Jummai ba ta san Yahuza ba, rantsuwarki ta sani. Allah ya huci zuciyarki, ya sa ta saurare ki.